Yayana zai sayar da filinsa ya nemi kansila, ku ba ni shawara

Auwal_Ƙanin_Tela
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Wata magana ce ta tsaya mini a rai, na ce bari in kawo ta nan tunda akwai manya da masu ilimi a cikinmu. Yayana da muke uwa ɗaya uba ɗaya tela ne a cikin gari, yana da shago da yara biyar a ƙarƙashinsa. Ya fi shekara goma yana yi wa jam'iyya hidima a mazaɓarmu, ya yi ejan a akwati, ya yi sakataren mazaɓa. Yanzu wasu dattawan jam'iyya sun kira shi sun ce in zagaye mai zuwa ya zo shi za su tsayar kansila, ya fara shiri. Shirin kuwa shi ne zai sayar da filinsa na wajen Kumbotso, wanda ya yi shekaru yana zubin adashi kafin ya mallaka. Ni na ce masa kansila ba aiki ba ne, wahala ce aka sa mata babbar riga. Ya ce ni yaro ne. Hajiyarmu ta yi shiru, amma na san shirun nata. Don Allah wanda ya san harkar ya faɗa mini: me kansila yake yi a zahiri, kuma waɗanda suka yi suka sauka, wane hali suke ciki yanzu?

Sadiq_Kwari
Wa alaikumus salam. Kada ya sayar. Fili ba ya ruɓewa, kujera kuwa shekara uku ce.

Abu_Hanifa_KN
Kafin a je ga shawara, a san me ake magana a kai. Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, kowace mazaɓa kansila ɗaya. Zaɓen da aka yi na ranar 26 ga Oktoba 2024, hukumar zaɓe ta jiha, KANSIEC, ta fara sanar da kuɗin fom naira miliyan 10 ga mai neman ciyaman, miliyan 5 ga mai neman kansila, har maganar ta kai kotu. Fom kawai ke nan. Ba a zo ga fosta ba, ba a zo ga shan ruwan azumi da za ka yi wa 'yan mazaɓa ba, ba a zo ga kuɗin ejan ranar zaɓe ba. Tela da shagonsa ɗaya, ya lissafa da kyau.

Tsohon_Kansila
Malam Auwal, ka taɓo ni. Na yi kansila a ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin cikin birni, ba zan faɗi mazaɓar ba ko shekarar, don ba na son a ce da wani nake.

Ranar da aka rantsar da mu na dawo gida na tarar an shimfiɗa tabarmi tun daga ƙofar gida har bakin lungu. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Washegari da na fito sallar asuba, mutum bakwai na tarar a kan dakalin ƙofar gida. Na farko tsohuwa ce da takardar magani a ƙulle a bakin mayafinta, ta naɗe ta har rubutun ya fara gogewa, jikanta na kwance. Na biyu matarsa ta haihu, saura kwana biyu suna, babu rago. Na uku an kama ɗansa a faɗan unguwa yana so in je in tsaya masa. Akwai wanda mai gida ya ba shi wa'adin tashi. Akwai yarinya mai neman takardar shaidar 'yar ƙaramar hukuma za ta cika fom na makaranta. A cikin bakwai ɗin nan, ita kaɗai ce bukatarta ta shafi ofishina. Sauran shida aljihuna suka zo nema. Kuma haka dakalin nan ya kasance kullum har na sauka, sai dai fuskoki su canza.

Abin da mutane ba su sani ba, kansila ba shi da asusun da zai ce a yi kwalbati a yi. Aikinmu a majalisa shi ne mu duba kasafin kuɗin da ciyaman ya kawo, mu yi dokokin cikin gida, mu sa ido a kan yadda ake kashe kuɗi. Akwai wata kwata a mazaɓata da duk damina take shiga gidajen mutane, har katangar wani gida ta faɗi. Na kawo ƙudiri, 'yan uwana suka amince, aka sa a kasafi. Shekara ta farko aka ce ana jiran sahalewa daga sama. Ta biyu aka ce an kai takarda. Ta uku na daina tambaya, na bi masu hali na unguwa gida gida, wannan ya ba da bulo ɗari, wancan buhun siminti biyar, matasa suka yi aikin gayya Lahadi huɗu a jere, mata suka dafa mana ɗanwake. Ita ce kaɗai abin da zan nuna in ce na yi, kuma ba da kuɗin gwamnati aka yi ta ba.

Na shiga da mota, na fito da bashi. Amma in ka tambaye ni ko na yi nadama, wallahi ban sani ba. Har gobe in na bi ta lungun nan da damina na ga ruwa yana wucewa ta hanyarsa, raina yana yin fari.

Sadiq_Kwari
Allah ya saka da alheri Honarabul. Auwal, ka karanta wa yayanka wannan.

Matashi_Mai_Zafi
Ku yi haƙuri, ni ban yarda da wannan tausayin ba. Kansilan da muka yi wa wahala a unguwarmu, mu muka manna masa fosta da koko da dare, mu muka kwana a wajen tattara sakamako. Wata shida da hawa ya tashi daga unguwar, ya canza lamba. Tiransifomarmu ta ƙone muka yi wata uku a duhu, karo-karo muka yi gida gida. Ko leƙowa bai yi ba. In ba su da iko, me ya sa suke kashe miliyoyi su hau? Ruwa ba ya tsami banza.

Tsohon_Kansila
Ƙanena, ban ce duka na kirki ba ne. Akwai waɗanda na zauna da su da ba su taɓa buɗe takardar kasafi ba, sai dai a nuna musu inda za su sa hannu. Amma ka tambayi kanka me ya kori naku daga unguwa. Wani mugun hali ne. Wani kuma kunya ce, don ba shi da abin da zai ba mutanen dakali, kuma ba zai iya kallon idonsu ba. Gudun ba daidai ba ne ko ta wace fuska, gara ya tsaya ya faɗa muku gaskiya.

Lauya_Bn_Isa
Bari in ɗan sa baki ta fuskar doka, don maganar @Tsohon_Kansila ta "sahalewa daga sama" tana da tushe. Sashe na 7 na tsarin mulkin 1999 ya tabbatar da cewa ƙananan hukumomi zaɓaɓɓun shugabanni ne za su riƙe su. Jadawali na huɗu ya jero ayyukansu: kasuwanni, tashoshin mota, maƙabartu, mahauta, kwashe shara, magudanan ruwa da ƙananan hanyoyi, sa wa tituna suna, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, sannan hannu a makarantun firamare da kiwon lafiya. Ka ga duk abin da ya dami talaka a lungunsa yana nan ciki. Amma sashe na 162 ya ƙirƙiri asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumomi, kuɗin da ya taso daga Abuja nan yake sauka tukuna. Ta nan gwamnoni suka riƙe wuyan ƙananan hukumomi a kusan ko'ina a ƙasar nan, ba Kano kaɗai ba, ba kuma jam'iyya ɗaya ba.

Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da ministan shari'a Lateef Fagbemi ya shigar, ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kuma naɗa kantomomi a maimakon zaɓaɓɓu ya saɓa wa doka. Hukunci ne babba. Sai dai yanke hukunci daban, aiwatar da shi daban, an daɗe ana ja-in-ja a kan hakan. In har ya tabbata sosai, kujerar da yayan Auwal yake nema za ta iya zama mai nauyi fiye da wadda Honarabul ya zauna a kai.

Ma'aikacin_Sakateriya
Barista ya yi daidai, amma in ƙara abu ɗaya daga ciki. Ko da kuɗin ya zo kai tsaye, hannun ciyaman zai zo, ba na kansila ba. Kuma kafin a ce za a yi aiki sai an fitar da albashin malaman firamare, da na ma'aikatan lafiya, da namu, da fansho, da kason masarauta. Mutane kuma suna haɗa kansila zaɓaɓɓe da kansila mai gafaka. Mai gafaka naɗa shi ake yi, a ba shi sashe kamar ayyuka ko lafiya ko noma, yana ɓangaren zartarwa tare da ciyaman. Sau da yawa shi ya fi kusa da inda ake yanke shawara. Zaɓaɓɓe shi ne na majalisa, shi ne kuma wanda jama'a suka san ƙofar gidansa.

Auwal_Ƙanin_Tela
Wallahi ban san da wannan bambancin ba. Na gode Malam.

Maman_Ilham
Ku bar ni in yi magana a madadin matan gida, don ba a tambayarmu kafin a shiga, amma da mu ake yi. Maigidana ya yi kansila. Tukunyar da nake ɗorawa ta mutum takwas ta koma ta mutum talatin. Kullum da rana sai an fita da faranti ƙofar gida, ranar da ba a fita da shi ba a ce matar Honarabul rowa gare ta. Mata su shigo har uwar ɗaka, wannan bikin 'yarta, waccan kuɗin awo. Ba ka iya cewa babu, domin wasu tare muka taso, wasu sun goye ni ina ƙarama. Wani watan alawus ya makara, 'yan kunnena na zinare da aka yi mini na aure na cire na ba shi ya kai kasuwa, don wata maƙwabciyarmu za a yi wa aiki a asibiti. Ban yi da-na-sani ba, ta tashi, tana nan da ranta.

Abin da ya fi yi mini ciwo bayan saukarsa ne. Sati biyu kacal, ƙofar gida ta yi tsit. Wayar da ba ta barinmu barci sai ta yini ba ta yi ƙara ba. Ya zauna a ɗaki kamar marar lafiya. Kasuwancinsa ya riga ya mutu tunda shekara uku bai zauna a shago ba. Malam Auwal, in yayanka zai yi, don Allah kada ya rufe shagon ɗinkin nan. Ya bar babban yaronsa a kai, ya riƙa leƙawa yana yanka da hannunsa ko sau biyu a sati. Kuma ya zauna da matarsa ya gaya mata gaskiyar abin da ke tafe.

Hauwa_Malama
Allah ya saka miki Maman Ilham. Ni tambayata ma daban ce: a cikin 484 ɗin nan mata nawa ne? Mu ne muke cika layi ranar zaɓe tun safe da goyo, mu ne muka san wace rijiyar burtsatse ta lalace da wane asibitin sha-ka-tafi ne babu magani, amma in an zo rabon takara sai a ce shugabar mata ta ishe mu.

Baba_Na_Gwammaja
'Ya'yana, ina karanta ku tun ɗazu. Ni na girmi yawancinku, na ga jam'iyyar PRP da idona, mahaifina kuma ɗan jam'iyyar NEPU ne tun kafuwarta a 1950. A zamanin En'e ba ka da wanda za ka kai wa kuka sai mai unguwa da dagaci da hakimi, kuma su ne masu karɓar haraji. Gyaran 1976 ne ya kawo tsarin ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk ƙasa. Abin da su Malam Aminu Kano suka sha ɗauri da duka a kansa ke nan, talaka ya samu bakin magana a kan wanda yake mulkinsa. Da Abubakar Rimi ya hau a 1979 ya soke haraji da jangali, na ga dattawa suna kuka don murna.

A lokacin mu muke sayen katin jam'iyya da kuɗinmu. Ɗan takara ba ya ba ka, kai kake ba shi. Shi ya sa in ya hau kana da bakin da za ka tsare shi a hanya ka tambaye shi. Yanzu kun karɓi taliya da atamfa kafin zaɓe, shi kuma ya sayar da filinsa ya saya muku. To wa ke bin wani bashi? @Matashi_Mai_Zafi, ba da kai nake ba, na ji ka ce wahala kuka yi masa. Amma dakalin nan da Honarabul ya ba da labari, mu jama'a mu muka gina shi.

Ni ba zan ce tela kada ya nema ba. Masu ɗinki da masu faci da 'yan koli su suka riƙe NEPU. In irinsu suka janye, wa za a bar wa?

Matashi_Mai_Zafi
Baba, Allah ya ƙara girma, na karɓi gyara. Amma zamaninku ana zaɓe. Yanzu fa? A 2018 APC ta cinye 44 da 484 duka. A Janairun 2021 ta sake cinyewa duka. A 2024 NNPP ta cinye duka. Duk wanda ke gidan gwamnati shi ke kwashewa. Kenan ba jama'a ne ke ba ka kansila ba, wanda ya sa sunanka a takarda ne. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski.

Abu_Hanifa_KN
A yi adalci, a wasu daga cikin zaɓukan nan babbar jam'iyyar adawa ba ta ma shiga ba. Amma asalin maganarka haka take, kuma haka ake yi a yawancin jihohi. Shi ya sa wasu ke cewa a mayar wa INEC zaɓen ƙananan hukumomi, kamar yadda ta yi na Disambar 1998 kafin a dawo mulkin farar hula.

Baba_Na_Gwammaja
Na 1990 ma na tuna, lokacin SDP da NRC, ƙato bayan ƙato. Ka tsaya a layin wanda kake so rana tsaka, kowa yana ganinka. Yana da nasa aibin, don an ɓata zumunci a gidaje da yawa, amma ba a isa a ce layin da ya fi tsawo shi ya faɗi ba.

Lauya_Bn_Isa
Mayar wa INEC sai an gyara tsarin mulki, kuma gyaran sai majalisun jihohi kashi biyu cikin uku sun amince, wato 24 cikin 36. Ku duba a hannun wa majalisun suke.

Dan_Kurna
Kun tafi Abuja kun bar Auwal a tsaye. Ni abin da zan ce, ya danganta da mazaɓar. Kansilan da ke da 'yan lunguna a cikin badala, inda kowa ya san kakan kowa, ba ɗaya yake da na Gobirawa ko Dorayi ko Rijiyar Lemo ba, inda unguwanni suka bazu, mutane suka yi yawa kamar gari guda, ga rashin ruwa, ga 'yan garuwa sun zama su ne famfo. A irin wannan wuri ko waliyyi ka sa sai an zage shi. A cikin gari kuma zagin ya fi zafi don daga bakin danginka zai fito.

Sannan wata tambaya: dattawan da suka ce za su tsayar da shi, su ne masu yanke magana? Na ga wanda aka yi wa irin wannan alkawari, ya yi shekara biyu yana hidima, daren da za a miƙa sunaye aka kira shi aka ce an yi maslaha, ya haƙura sai wani karon.

Tsohon_Kansila
Wannan ita ce tambayar. Malam Auwal, ka tambayi yayanka wa ya yi masa alkawarin, a gaban wa. In dattawan mazaɓa ne kawai, jagoran jam'iyya na ƙaramar hukuma bai sani ba, to kada ya taɓa filin nan tukuna. Kuma in mutane ne da gaske suke son sa, su haɗa masa kuɗin fom, kamar yadda Baba ya ce ana yi a da. A nan zai gane masu son sa da masu son filinsa.

Sadiq_Kwari
Kuma a daina cewa kujerar kansila tsani ce ta hawa babban muƙami. Cikin ɗari nawa suke hawa?

Abu_Hanifa_KN
Akwai masu hawa, Malam Sadiq. Nasiru Yusuf Gawuna daga shugabancin ƙaramar hukumar Nassarawa ya zama kwamishina, ya zama mataimakin gwamna. Na yarda ciyaman ba kansila ba ne, amma matakin nan na ƙasa makaranta ce. Wanda ya zauna da mutanen dakali shekara uku ya san abin da wanda aka ɗauko daga ofis ba zai taɓa sani ba.

Hauwa_Malama
Har yanzu ba wanda ya amsa mini tambayata a kan mata.

Ma'aikacin_Sakateriya
Malama, a shekarun da na yi a sakateriyarmu, matan da na gani a kujerar kansila ta hanyar naɗi suka zo, masu gafaka, galibi a ba su sashen mata ko walwalar jama'a. Zaɓaɓɓiya daga mazaɓa ban yi aiki da ita ba. Kuma ina ganin da za a samu, maganar asibitocin unguwa da ta fi samun mai tsaya mata.

Auwal_Ƙanin_Tela
Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Bayan isha'i na je shagon na same shi yana guga, na karanta masa tun daga maganar Honarabul har ta Baba. Da na zo kan ta Maman Ilham ya ajiye dutsen gugar ya zauna. Ya ce shi ba kuɗi yake nema ba, makarantar firamaren da muka yi ce take ci masa rai, yara suna zaune a ƙasa, rufin aji biyu ya yaye tun bara, kuma ya gaji da kai kuka wajen mutanen da ba sa ɗaga waya. Na ce masa Honarabul ma bulo ya roƙa gida gida, wannan ko ba kujera za ka iya. Ya ce da kujera an fi jin maganarka. Mun rabu a kan zai dakata da maganar filin har bayan sallah, zai kuma je ya ji daga bakin jagora da kansa.

@Tsohon_Kansila, ya ce in tambaye ka ko za ka yarda ya zo ya gaishe ka, yana da tambayoyin da ba na zaure ba.

Tsohon_Kansila
Ya zo, ƙofa a buɗe take. Ka turo mini saƙo ta gefe in kwatanta muku. Ya zo da ƙaramin littafi, akwai lissafin da nake so mu yi tare, tun daga kuɗin fom har zuwa na ranar rantsuwa.

Dan_Kurna
Auwal, rufin ajin nan kwano nawa zai ci? In an auna a faɗa mana a nan, damina ta kusa.